Kwal Ɗin Inugu Da Jirgin Nguru

Duk ɗalibin da ya buɗe taswirar Nijeriya, ya ɗora yatsa a kan layin dogo daga Kano ya nufi gabas maso arewa, zai ga ya wuce Ringim, ya wuce Malam Madori, sa'an nan ya zo wani wuri ya tsaya cik, ba gaba. Wurin nan shi ne Nguru. Gabas da ita kuma, tafiyar kamar mil 40, ga Gashuwa a bakin kogi, ita dogo bai taɓa isa gare ta ba. A kan garuruwan nan biyu na ke so in yi magana, amma sai na ɗauko zancen daga nesa, watau daga Inugu, garin kwal. Kada mai karatu ya ce me ya haɗa kifi da kaska. Jirgin da ya raya Nguru da kwal ɗin Inugu ya ke tafiya, kuma ciwon da ya kama garin kwal shi ne ya kama garin jirgi, sai dai kowa da inda ya fito masa.

Kwal wani baƙin dutse ne mai cin wuta kamar gawayi, amma ya fi gawayi zafi da daɗewa. A 1909 Turawa suka gano shi a duwatsun Udi, a 1915 aka soma haƙa, a 1916 kuma dogo ya iso daga Fatakwal don ɗaukarsa. Inda dā sai daji da 'yan ƙauyuka, nan da nan gari ya tashi, leburori suka yi ta zuwa daga ko'ina. Aikin kuwa mai wuya ne, albashi kaɗan. Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe ma'aikata 21 a ramin Iva Valley saboda rigimar albashi, abin da ya girgiza ƙasar nan duka. Wajen ƙarshen shekarun 1950 ana fid da kwal sama da tan 900,000 a shekara guda. Daga nan sai ƙasa. Reluwe, wadda ita ce babbar mai saye, ta soma sauya injuna masu cin kwal da masu shan man dizal. A 1956 aka sami man fetur a Oloibiri. A 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, aka bar ramuka ruwa ya cika su. A 1968 kuma aka gama madatsar Kainji, wutar lantarki ta koma fitowa daga ruwa. Kun ga kwal bai ƙare a ƙasa ba, masu sayensa ne suka ƙare. Abin da ya ceci Inugu shi ne tana da wata ƙafa ta tsayawa, gama dā ita ce helkwatar Jihar Gabas, da ofisoshin gwamnati da makarantu da kasuwa.

Ba kowane garin kwal ya yi wannan sa'a ba. A ƙasar Wales ta Birtaniya akwai wani kwari da a ke kira Rhondda, wanda a ƙidayar 1921 mutanensa sun haura 160,000, kusan kowane gida da kwal ya ke ci. Rami na ƙarshe an rufe shi a 1990, kuma a ƙidayar 2001 mutanen ba su kai rabin na dā ba. Matasa sun watse, an bar tsofaffi da gidaje wayam da tsibin baƙar ƙasar da aka tono. Irin wannan tsibi ne ya zaftaro a kan wata makarantar firamare a ƙauyen Aberfan a 1966, yara 116 suka mutu. Jamusawa su sun yi dabara a yankinsu na Ruhr. Tun kwal bai mutu ba suka kafa jami'a a Bochum, ta buɗe a 1965, suka yi ta jawo waɗansu sana'o'i, suna gyara filayen da haƙa ya ɓata, har ya zama lokacin da aka rufe rami na ƙarshe a 2018 jikokin mahaƙa sun daɗe da kama wani aiki.

Abin da masu ilmin labarin ƙasa suka fahimta daga waɗannan garuruwa shi ne, zaman gari kamar murhu ne mai duwatsu uku: yawan jama'a, da ƙasar da su ke zaune a kai, da sana'ar da ke ciyad da su. In dutse ɗaya ya goce, tukunya ba ta zama daidai sai an gyara sauran biyun. To, bari mu ɗora Nguru a kan wannan murhu mu gani.

Nguru tsohon suna ne, gama tun zamanin daular Barno a wannan yanki Galadiman Barno ke zaune yana tsaron iyakar yamma. Amma garin da mu ka sani yau, dogo ne ya haife shi. Jirgi ya iso Kano a 1911, a 1930 kuma aka gama reshen Nguru, mai tsawon mil 143. Da ya ke nan ne ƙarshen layi, duk kayan da za a kai bakin teku daga yammacin Barno da gabashin Nijar sai sun zo nan. Gyaɗa a buhuna, da ƙaro, da fatu da ƙiraga, da auduga, da busasshen kifi. Ayarin raƙuma na sauke kanwa daga ƙasar Manga. Ana koro shanu daga arewa a loda su a tarago, daga baya ma aka gina mayanka da ɗakin sanyi, ana aika nama har Ikko. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa sikeli da kantuna. Barebari da Mangawa da Badawa da Hausawa da Fulani, ga kuma Yarabawa da Ibo ma'aikatan reluwe da akawuna, kowa ya sami abin yi. Ku lura, wanda ke cin abinci da jirgi ba mai tuƙa shi kaɗai ba ne. Akwai ɗan dako, da ɗan kamasho, da mai ɗinkin buhu, da fatoma mai saukar baƙi, da mai tuwo a bakin tasha, da malamin da a ke kai wa sadaka in ciniki ya yi kyau. Gashuwa ma ta sami rabonta, don motoci na kwaso kaya daga can su kawo tasha, kuma a tsakiyar shekarun 1940 Mai Bade ya taso daga Gogaram ya dawo Gashuwa da zama.

Faɗuwar ba rana ɗaya ta zo ba. A 1964 dogo ya isa Maiduguri ta wajen Bauci da Gwambe, kayan Barno da yawa suka sami wata ƙofa. Sa'an nan aka yi ta shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka ƙwace lodi, gama mota tana zuwa har bakin kasuwar ƙauye, jirgi kuwa sai an je masa. Farin 1973 ya zo ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki, a 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta gama da abin da ya saura, dalar gyaɗa ta ɓace a Kano, balle a nan. Kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Ita kanta reluwe ta yi ta lalacewa a shekarun 1980 da 1990, jirgin da dā a ke saita agogo da kukansa ya koma sai jefi-jefi. Masana'antar matsar man gyaɗa da aka kafa a Nguru ta shiga wahala, don injin matsa ba ya aiki sai da abin matsawa.

Nan ne fa labarinmu ya rabu da na Turai, kuma nan na ke so ɗalibai su buɗe kunne. A Rhondda da sana'a ta mutu mutane suka ragu, damuwarsu ita ce ƙasa ta yi yawa ba masu zama. Mu kuwa sana'a ta ja baya, jama'a na ta ƙaruwa. Ƙidayar 1963 ta ce mutanen Nijeriya miliyan 55 ne da ɗoriya, ta 2006 ta ce miliyan 140. A wannan ƙidaya ta 2006 ƙaramar hukumar Nguru kaɗai tana da mutum dubu 150 da 'yan kai, ta Bade kuma kusan dubu 140. Wanda ya iya lissafi ya san in jama'a na ƙaruwa da uku bisa ɗari kowace shekara, cikin shekara 24 sun ninka. Har wa yau ga waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga gabas, da yawansu sun zauna ba su koma ba. To, ɗan dakon da tasha ta sallama, da 'ya'yansa, da jikokinsa, ina za su? Ba wata masana'anta da ke jiransu. Waɗansu su tafi cin rani Kano ko Ikko, amma mafi yawa kan ƙasa su ke komawa: gona, da ruwa, da daji. Nauyin da dā duwatsu uku ke ɗauka, yanzu ya koma kan guda.

Ƙasar tudu ba ta iya ɗaukar wannan kaya. Damina gajeriya ce, wata uku ko huɗu, ƙasa kuwa rairayi ce, sai gero da wake da riɗi. Ku ɗauki misali, mutum ya bar gona eka 12 da 'ya'ya maza huɗu, kowa ya sami uku. In kowannensu ya bar huɗu, jika bai sami eka ɗaya cikakkiya ba. Dā a kan bar gona ta huta shekara biyu ko uku, yanzu wa zai bar tasa? Itacen girki kuma kullum sai an ƙara nisa kafin a samo shi. Wanda ya je wajen Yusufari ya ga tuddan rairayi na Tulo-Tulowa ya san abin da ke bayan gida.

Arzikin yankin nan a fadama ya ke. Kogin Haɗeja da na Jama'are su kan zo su bazu cikin wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan rairayi, su rarrabu rassa-rassa, sa'an nan su sake haɗuwa wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe, mai zubawa a Tabkin Cadi. Wani reshe da a ke kira Marma shi ke kai ruwa tabkin Nguru. Yadda kakanninmu ke cin wannan fadama abin a tsaya a duba ne, don fili ɗaya mutum uku ke mora a shekara, ba mai taka wani. In ruwa ya cika wajen Agusta da Satumba, manomi na da shinkafarsa a ciki, kifi kuma ya shiga ciyawa ya hayayyafa, masunci ya samu. In ruwa ya soma janyewa, a bi laimar a shuka wake da sauransu. In an kwashe amfani, Bafillace ya sauko da shanu su ci kara da ɗanyar ciyawa duk rani, su bar taki. Ban da wannan ga kaba da goruba, ga itace, ga ƙasar tukwane. Akwai kuma wani amfani da ido ba ya gani: ruwan da ya kwanta wata biyu ko uku yana nutsewa ƙasa, shi ne ke cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi. Tsuntsaye ma daga Turai su ke zuwa cin rani a Dagona, abin da ya kawo Yarima Philip na Ingila a 1989, a shekara ta 2000 kuma aka sa tabkin Nguru da Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Amma daidai lokacin da jama'a suka fi bukatar fadama, sai fadama ta soma ƙanƙancewa. A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano, a 1992 ta Challawa, dukansu a kan ruwan da ke zama kogin Haɗeja. Ba na zargin Kanawa, su ma jama'arsu na son ruwan sha da noman rani, kuma Kadawa da Kura sun ciyad da mutane da yawa. Sai dai ruwan da aka tare a sama, na ƙasa ne aka rage wa. Ga fari kuma a 1983 da 1984. Filin da ruwa ke rufewa ya ragu ƙwarai, bai kai rabin na shekarun 1960 ba. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka zauna suka yi lissafi, suka tarar in an auna da yawan ruwan da aka kashe, abin da fadamar Haɗeja da Nguru ke bayarwa na noma da kifi da itace ya ninka na aikin ban ruwa na Kano sau da yawa. Dalilin da ya sa ba a ganinsa shi ne, shinkafar Kadawa tana shiga littafin gwamnati, kifin da aka ci a Dagona kuwa ba mai rubuta shi.

Madatsa ba rage ruwa kaɗai ta yi ba, ta sauya masa hali. Dā kogi ya kan cika da damina ya ƙafe da rani. Yanzu ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ba ambaliya mai ƙarfin wanke hanya, ba kuma bushewa. Wannan shi ne abin da kacalla ke so, watau doguwar ciyawar nan mai kai kamar zangarniyar gero. Ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, rassan kogi suka toshe. Sai ruwa ya karkata Marma ya kwanta a gonakin wajen Nguru shekara da shekaru, reshen Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin Haɗeja kuwa suka koma ƙishirwa. Wani na kuka ruwa ya cinye gonarsa, ɗan'uwansa a gaba na kuka bai ga ruwa ba. Cikin kacallar nan kuma jan-baki ke kwana, da safe su faɗa wa shinkafa da gero, ga sauro, ga kwalekwale ba ya ratsawa.

Mu ma da namu laifin. Tun shekarun 1980 ƙananan injunan ban ruwa suka yawaita, da aka hana shigo da alkama a 1987 kuma masu hali suka yi ta share fadama suna shuka ta. Noman rani alheri ne, ya hana samari da yawa tafiya cin rani. Amma filin da a ke nomawa da rani shi ne dā makiyayar rani, an kuma toshe burtali da mashaya. Bafillace ya sauko ya tarar da albasa da tattasai inda ubansa ke kiwo, sai faɗa. Garuruwan kansu suna ta faɗaɗa, ana yanka fuloti a kwari inda tsofaffi sun san hanyar ruwa ce. In an yi 'yan shekaru ba ambaliya sai a manta, har shekara irin 2022 ta zo, ruwa ya shiga unguwannin Gashuwa ya rushe gidaje.

To, mene ne abin yi? A ganina kuskure ne a zauna ana jiran jirgi ya dawo da zamanin gyaɗa. In an gyara dogo madalla, zai rage kuɗin dakon shanu da hatsi, amma Nguru ba za ta sake zama ƙofa ɗaya tilo ba, don kwalta ta riga ta buɗe ƙofofi goma. Kuskure ne kuma a ce kowa ya koma gona, gonar ce ta gaji. Sana'ar da za ta dace da mu ita ce wadda ke ƙara wa abin da ƙasa ta riga ta bayar daraja, ba tare da ta nemi ƙarin fili ko ƙarin ruwa ba. Buhun shanshera da aka sayar a bakin gona, da wanda aka turara aka casa aka tsince aka ɗura a jaka, gona ɗaya ta ba da su, amma na biyun ya ciyad da ƙarin mutum biyar. Haka kifi: wanda aka banda da kyau a tanda mai cin itace kaɗan ba ya ruɓewa a hanya. Haka riɗi da zoɓo, a tsabtace su a nan maimakon a Kano. Haka fata, a jeme ta a ɗinka. Ƙaro kuwa ya fi duka dacewa, gama dakwara itace ce mai jure fari, tana riƙe rairayi, tana gyara ƙasa, dabba na cin ganyenta, ga kuɗi da rani lokacin da ba a girbin kome. Akwai ma tashar binciken ƙaro a Gashuwa, abin tambaya shi ne manoma nawa suka taɓa shiga cikinta. Ita kanta kacalla, mutanen bakin kogin Sanagal da ta addaba kamar mu suna sare ta su yi gawayin girki da ita. In mu ka koyi wannan, an buɗe hanyar ruwa, an kuma bar itatuwa a tsaye.

Ƙafa ta biyu irin ta Inugu da Bochum ma ta soma samuwa. Ga babban asibitin tarayya a Nguru, ga kwalejin horon malamai a Gashuwa, a 2013 kuma aka kafa jami'ar tarayya a can. Waɗannan suna kawo albashi, albashi kuwa na raya kasuwa. Sai dai makaranta ba ta zama ƙafar gari in duk wanda ta yaye takarda kawai ya ke riƙe da ita yana jiran gwamnati ta ɗauke shi.

Batun ruwa kuwa ya fi ƙarfin gari ɗaya. A 2006 gwamnonin jihohi shida da kogin nan ya ratsa, watau Filato da Bauci da Kano da Jigawa da Yobe da Barno, suka taru a Damaturu suka kafa asusu don kula da shi. Abin da masana suka daɗe suna nema ba mai wuyar fahimta ba ne: a saki ruwa mai yawa daga Tiga da Challawa a lokacin damina don ya yi kama da ambaliyar dā, a rage shi da rani don kacalla ta bushe, a kuma riƙa yashe hanyoyin da suka toshe. Akwai kuma maganar madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana son ginawa a kan kogin Jama'are. Mutumin Gashuwa ya kamata ya san wannan suna kamar sunan unguwarsu, don Jama'are ne kogin da ya rage ba a tare shi ba, kuma mafi yawan ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadarsu daga can ya ke zuwa.

Saura ku, 'yan'uwa ɗalibai, da za a rarraba ku makarantun ƙauyukan nan ba da daɗewa ba. In kun zo darasin labarin ƙasa, kada ku tsaya kan haddar sunayen koguna. Ku fita da yara su zana taswirar ƙauyensu a ƙasa, su nuna gona da fadama da burtali da mashaya. Ku aike su wurin kakanninsu su tambayo iyakar inda ruwa ke kaiwa kafin a gina Tiga, a kafa turke a wurin, a kafa wani inda ya tsaya bana. A darasin lissafi su ƙidaya gidajen unguwa da mutanen ciki, su auna zurfin rijiyar makaranta da igiya sau ɗaya kowane wata, gaba nawa aka zura kafin guga ya taɓa ruwa. A rubuta duka a littafi guda, a sa kwanan wata, in an yi muku canjin wurin aiki ku bar shi hannun hedimasta don malamin da zai gaje ku ya ɗora daga inda ku ka tsaya.